Wi-Fi Mai Rassa Yana Yawan Katsewa? Ga Yadda Ake Bin Sawun Matsalar

Duk mai aikin haɗa intanet a gidaje ya san kiran da ke biyo bayan kafa na'urorin mesh da 'yan makonni: "Malam, abin nan naka fa sai katsewa yake yi." Kafin ka iso an kashe an kunna ba adadi, an sauke fushi a kan kamfanin da ke ba da sabis, wani maigidan ma ya sayo ƙarin na'ura ya jona a lungu, katsewar ta ƙaru maimakon ta ragu. Yaran da ke koyon sana'ar su ma hanyarsu ɗaya ce: da zuwa sai su soka tsinke a ramin goge saiti, su sake haɗa komai daga farko, abu ya yi kwana biyu lafiya, a na uku ya koma gidan jiya. Kuskuren duk iri ɗaya ne, wato fara gyara kafin a san inda ya lalace. Shi ya sa na ga ya dace in jera matakan yadda muke binsu a wurin aiki.

Mesh dai, ko Deco ne na TP-Link, ko Eero, ko Orbi na Netgear, ko Nest Wifi na Google, tsarinsa ɗaya ne. Akwai uwar na'ura da ke jone da modem ta kebul, akwai kuma rassa da ake bazawa a cikin gida, dukkansu da suna ɗaya da lambar sirri ɗaya. Kowane reshe yana magana ta fuska biyu: da wayarka ta gaba, da uwa ta baya. Wannan hanyar ta baya ita ce ba a gani, kuma a nan matsala ta fi ɓuya. Ke nan tsakanin wayarka da duniya gaɓa huɗu ce: daga kamfani zuwa modem, daga modem zuwa uwa, daga uwa zuwa reshe, daga reshe zuwa waya. Kowacce ta saki, mai waya abu ɗaya zai ce: "Wi-Fi ya ɗauke." Aikinka shi ne ka gano wacce ce.

Abin da za ka tanada

- Laftof mai ramin kebul ɗin intanet. In ba ta da shi, nemi 'yar adaftar da ake soka wa a ramin USB.
- Kebul na Cat5e ko Cat6 guda biyu da ka tabbatar da lafiyarsu, gajere ɗaya, dogo ɗaya mai kamar mita 30.
- Manhajar kamfanin na'urar, da sunan shiga da lambar sirrin asusun. Gidaje da yawa ba su san wanda ya buɗe asusun ba, don haka ka tambaya tun kafin ka taso.
- Manhajar auna sigina. A Android akwai WiFiman da WiFi Analyzer. A iPhone AirPort Utility tana yi, bayan an kunna mata binciken Wi-Fi a cikin saiti. A Mac kuwa sai ka danne maɓallin Option ka latsa alamar Wi-Fi.
- Adaftar wuta ta gwaji, daidai da ta na'urar.
- Littafi da biro.

Doka ɗaya ce ke tafiya da dukkan matakan: canji ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta shi, a jira a ga sakamako. Wanda ya sauya abu biyar lokaci guda, ko da abin ya gyaru bai san me ya gyara ba, kuma ranar da ya dawo daga tushe zai sake farawa.

Mataki na 1: Tambaya kafin taɓawa

Zauna da mutanen gida ka yi tambaya huɗu. Kowa ne ke rasa sabis lokaci guda, ko na'ura ɗaya ce? A ko'ina ne, ko a wani sashe? Da wane lokaci? Sai wadda ta fi su muhimmanci: in abin ya faru, alamar Wi-Fi ɓacewa take yi daga saman waya, ko tana nan cike amma shafi ya ƙi buɗewa? Kada ka tsaya kan maigida kaɗai. Waɗanda ke wuni a gida sun fi shi sanin lokacin da abin ke faruwa.

In alama na nan amma ba intanet, kuma kowa ya shafa, zarginka ya tafi kan kamfani ko modem. In alama ɓacewa take yi ga kowa, to na'ura ce ke mutuwa tana tashi, wuta za ka duba. In sashe ɗaya ne, reshen wurin ne ko hanyarsa ta baya. In yana faruwa ne sa'ad da mutum ke tafiya daga falo zuwa ɗaki yana tsakiyar kira, sauya reshe ne bai tafi daidai ba. In kuwa waya ɗaya ce tak, bar na'urorin gida su huta, ka tsallaka zuwa mataki na 9.

Mataki na 2: Gwajin da ke raba gardama

Wannan gwaji shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi ne masu koyo suka fi tsallakewa. A laftof mai Windows buɗe Command Prompt, rubuta ipconfig, ka duba lambar da ke gaban Default Gateway. Ita ce adireshin uwar na'ura. Deco yakan zo da 192.168.68.1, na Google 192.168.86.1, Eero kuma 192.168.4.1. In ka ga adireshin laftof ɗin kanta ya fara da 169.254, ka riga ka kama zare: ta haɗu da Wi-Fi amma ba wanda ya ba ta adireshi, sai ka wuce zuwa mataki na 5.

Buɗe taga biyu. A ta farko rubuta ping -t sannan adireshin uwa. A ta biyu rubuta ping -t 8.8.8.8, wanda adireshi ne na Google a can waje. A Mac ba sai ka sa -t ba. Kowace taga za ta riƙa tura ɗan saƙo duk daƙiƙa tana nuna ko amsa ta dawo da tsawon lokacin da ta ɗauka. Bar su suna gudu har katsewar ta zo, ko da za a yi awa guda ana jira.

In ta waje ta tsaya amma ta uwa na amsawa, Wi-Fi ɗin gida lafiyarsa ƙalau, matsalar daga modem ce zuwa kamfani. In duka biyun suka tsaya tare, a cikin gida take. In duka suna amsawa amma shafuka sun ƙi buɗewa, DNS ne, wato mai juya sunan shafi zuwa lamba. Sauya shi a manhaja zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 na Cloudflare.

Sannan ka maimaita gwajin a wuri uku: laftof jone da uwa ta kebul, laftof a kan Wi-Fi kusa da uwa, laftof a kan Wi-Fi kusa da reshen da ake kuka da shi. Inda amsa ta fara ɓata, nan gaɓar da ta saki take. Ta kebul amsar uwa ba ta cika wuce 1 ms ba, ta Wi-Fi mai lafiya kuma takan tsaya ƙasa da 10 ms. In kana ganin ɗaruruwa a cikin gida, akwai cunkoso ko rauni a hanya.

Mataki na 3: Wuta da zafi

Littattafan da ke zuwa cikin kwali ba sa ɓata lokaci a kan wuta, don an rubuta su ne da tunanin ƙasashen da ba a ɗauke ta. A wurinmu ita ce abin zargi na farko. Ɗan ƙiftawar da wuta ke yi sa'ad da aka sauya layi zuwa janareto, ko inbata ta karɓa, ko firij ko famfon jan ruwa ya tashi ya ja wuta, ya isa ya kashe reshe. Kwan fitila zai dawo nan take, amma na'urar mesh sai ta yi minti ɗaya zuwa uku kafin ta gama tashi. Mutanen gida ba za su ma lura wuta ta motsa ba, katsewar kawai za su gani.

Akwai wata illar da ta fi wannan wahalar ganewa. In wuta ta dawo, na'urorin ba sa tashi tare. Reshen can ƙurya yana iya riga na tsakiya farkawa, ya rasa maƙwabcinsa, ya maƙale wa uwa daga nesa da sigina mai rauni, ya kuma zauna a haka. Duba taswirar da manhaja ke nunawa ka ga wa ke jone da wa. Tsarin kunnawa na daidai shi ne modem da farko har fitilunsa su daidaita, sai uwa, sai reshe mafi kusa, sai na nesa.

Maganin dindindin shi ne ƙaramin UPS mai batir da ake yi musamman don rauta, ga modem da uwa da kowane reshe. Sanya wa uwa kaɗai rabin aiki ne. Hattara a nan: karanta rubutun da ke gindin na'ura. Yawancinsu 12V suke ci, amma akwai masu 9V da masu 5V, kuma bakin caja ya shiga rami ba ya nufin wutar ta dace. Wuta ta yi yawa, na'ura ta ƙone. Amfiya ta yi kaɗan, na'ura za ta tashi lafiya amma ta riƙa mutuwa duk lokacin da aiki ya yi mata yawa. Adafta mai gajiya ma haka take yi, shi ya sa ake zuwa da ta gwaji.

Sai zafi. Akasarin waɗannan na'urori an yi su ne don yanayin da bai wuce digiri 40 ba, alhali a bazara garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai kan haura haka. Reshen da aka ɓoye a cikin siling ƙarƙashin kwano, ko cikin durowa, ko bayan talabijin, ba zai kai la'asar lafiya ba. In katsewa ta fi yawa tsakanin azahar da la'asar, taɓa jikin na'urar. Fito da ita sarari, ka kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe mata kafofin shan iska.

Mataki na 4: In laifin daga waje ne

Idan gwaji ya nuna waje, cire uwar mesh gaba ɗaya, jona laftof da modem kai tsaye ka sake gwadawa. Katsewa ta ci gaba, mesh ya fita daga zargi.

Mai faiba ya duba fitilar da aka rubuta wa LOS. In ta yi ja, hasken da ke zuwa ta zaren ya yanke, aikin kamfani ne. Kada ka lanƙwasa siririn kebul ɗin faiba, kada kuma ka leƙa bakinsa da ido, domin hasken da ke ciki ba a ganinsa amma yana iya yi wa ido lahani. Mai rautar 4G ko 5G ya lura da lokaci: in daga magariba zuwa goman dare abin ke lalacewa, hasumiyar unguwa ce ta cika da jama'a, kuma sau da yawa matsar da rautar bakin taga mai fuskantar hasumiya yana taimakawa. Mai Starlink, wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, manhajarsa na nuna duk katsewar da aka yi da abin da ya tare wa faifan sararin sama. Reshen bishiya ɗaya ya isa, haka ma ruwan sama mai ƙarfi.

Kafin ka kira kamfani duba abu biyu. Ko data ta ƙare ko an rage gudu saboda an kai iyakar wata? Sannan ko wani a gidan na loda kaya masu nauyi zuwa intanet? Waya guda da ke kwashe hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar Google ko iCloud tana iya cika hanyar fita, kowa ya ga kamar sabis ya ɗauke alhali layi ne ya yi tsawo. In za ka kira, kira da rubutattun lokutan katsewa a hannunka. Sun fi saurin sauraron mai hujja.

Mataki na 5: Rauta biyu a gida ɗaya

Abin da kamfanoni ke kawowa da sunan modem galibi rauta ce cikakkiya, mai raba adireshi da watsa nata Wi-Fi. Ka jona mata mesh, shi ma ya zo a matsayin rauta, sai ga shugabanni biyu. Sau da yawa abin na tafiya haka nan, amma a nan ake samun kiran bidiyo mai yankewa, da kyamarar tsaro da ba a iya gani daga waje, da firinta da ke ɓacewa. Abin ya fi muni in dukansu suna raba adireshi a jeri ɗaya, misali 192.168.1, domin na'urori biyu na iya samun lamba ɗaya su riƙa ture juna.

Zaɓi ɗaya za ka yi. Ko dai a mayar da na'urar kamfani zalla modem, abin da ake rubuta wa Bridge Mode, a Starlink kuma Bypass Mode, mesh ya riƙe ragama. Ko kuma a bar ta kamfani da ragama, a sa mesh a Access Point Mode. Na fi son na farko inda ya yiwu, don na biyun yakan rufe wasu abubuwan manhaja kamar taƙaita wa yara lokaci. Wasu kamfanonin sai an kira su suke buɗe wannan saiti, kuma in layin na buƙatar sunan shiga da lambar sirri na PPPoE, karɓe su kafin ka taɓa komai, in ba haka ba za ka bar gida babu intanet ɗungurungum.

Ko wanne ka zaɓa, kashe Wi-Fi ɗin na'urar kamfani. Barinsa a kunne kusa da uwa hayaniya ce kawai, kuma wayoyin da suka san sunansa za su riƙa tsalle tsakaninsa da mesh.

Mataki na 6: Inda aka ajiye rassa

Nan ne kuskuren da ya fi kowanne yawa. Mutum ya ga ɗakin da sabis ba ya kaiwa, sai ya kai reshe can ciki ya jona. Waya ta nuna sanda cike, kowa ya yi murna. Amma sandunan nan ƙarfin maganar waya da reshe kawai suke nunawa, ba su ce komai ba game da maganar reshe da uwa. Abin kamar leburori ne masu miƙa kwanon kankare hannu zuwa hannu a wurin gini: in ka tsayar da na biyu inda hannun na farko ba ya kaiwa, ƙarfinsa ba zai amfana komai ba, don ba abin da ya iso masa balle ya miƙa gaba. Wurin reshe shi ne tsakanin uwa da ɗakin da ke da matsala, inda sigina ke da sauran ƙarfi.

Da awo ake sanin wurin. Ana auna sigina da dBm, lambar kuma tana da alamar ragi a gabanta, saboda haka -50 ta fi -70 ƙarfi. Bambancin ba ƙarami ba ne: duk ragin 3 rabin ƙarfi ya tafi, duk ragin 10 kashi ɗaya cikin goma ya rage. Kashe reshen, tsaya daidai inda kake son ajiye shi, ka auna siginar uwa a zangon 5 GHz. Daga -50 zuwa -60 madalla. Zuwa -65 ana iya haƙuri. In ta kai -70, matso da shi. Don kiran murya da bidiyo, ma'aunin da masu sana'ar suka saba bi shi ne kada waya ta sauka ƙasa da -67.

Me ya sa zangon 5? Domin shi yawancin na'urorin suka fi so su bi ta baya. Ya fi 2.4 GHz gudu nesa ba kusa ba, amma bai kai shi ratsa bango ba. Google na ba da shawarar kada rassa su wuce tazarar ɗaki biyu, sai dai gidajen Amurka galibi katako ne da allon filasta. Namu bulo ne da siminti, ga tayil, ga ƙofofin ƙarfe, ga kankaren bene cike da rodi. A irin wannan gini bango biyu sun isa su kashe zangon 5, kankaren bene kuwa shi kaɗai ya isa. A gidan bene, bakin matakala ne ƙofar da sigina ke bi, don haka ajiye ɗaya a ƙasan matakala, ɗaya a samanta. A gida mai tsakar gida da sassa, nemi tagogin da ke kallon juna. Ɗaga na'ura sama da ƙasa kamar tsayin ƙirji, nesa da firij, babban madubi, tankin ruwa da bayan talabijin. Ita kanta uwa, in tana can ƙuryar gida don nan kebul ɗin kamfani ya shigo, ja mata dogon kebul ka kawo ta tsakiya.

Kada kuma a jera rassa kamar carbi. A na'urori masu zango biyu, rediyo ɗaya ne ke sauraron waya yana kuma miƙa wa uwa, don haka kowane tsalle na cin kusan rabin gudu. Reshe na uku a jeri abin da ke isa gare shi bai taka kara ya karya ba. Masu zango uku, irin yawancin Orbi, suna ware rediyo guda don hanyar baya, shi ne dalilin tsadarsu.

Yawan rassa ma cuta ne. In biyu suna kusa da juna sosai, waya na jin su da ƙarfi ɗaya, ta riƙa kai da kawo tsakaninsu, kowane sauyi kuma ɗan yankewa ne. Gwada kashe ɗaya na kwana guda. Ba sau ɗaya ba gida ke gyaruwa da rage na'ura, garin neman gira ne aka kusa rasa ido.

Mataki na 7: Ja kebul

Ɗauki dogon kebul ɗin gwaji, shimfiɗa shi a ƙasa daga uwa zuwa reshen da ke wahala, ka bar shi kwana ɗaya ko biyu. In katsewa ta tsaya, ka sami amsa, kuma ka sami abin nuna wa maigida kafin ya ce kana son ci masa kuɗi ne. Reshen da ke kan kebul bango ba ya damunsa, ba ya raba rediyonsa, kuma ana iya ajiye shi cikin ɗakin da ake buƙata kai tsaye.

Wurin ja na dindindin a kula da abu huɗu. Tsawon kebul ɗaya kada ya wuce mita 100. A sayi mai jan ƙarfe zalla, a guji mai rubutun CCA, wanda alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, yana karyewa a baki ya riƙa kamawa yana saki. Silli takwas ne a ciki, kuma gudun gigabit na buƙatar dukkansu. In manhaja ta nuna 100 Mbps a inda ya kamata 1000, an matse baki ba daidai ba, a yanke a sake. Na huɗu shi ne inda kebul ɗin ya fito: in mesh ne rauta, dole kebul ɗin reshe ya fito daga uwa, ko daga suwic da ke bayan uwa, ba daga na'urar kamfani ba. Kada kuma hanya ta zagayo, wato kebul biyu su haɗa wuri ɗaya ta fuska biyu. In haka ta faru saƙonni kan riƙa kewaya ba tsayawa har gida duka ya tsaya cik, fitilun suwic na ta ƙyaftawa kamar hauka.

Kebul da zai ratsa fili zuwa ɗakin samari ko wani sashe daban yana da haɗarinsa. Tsawa ba sai ta faɗo a kansa ba, ta sauka kusa ma ya isa ya kwaso wuta ya ƙona na'urorin gefe biyu. A yi amfani da na waje, a binne shi cikin bututu, a sa abin kare tsawa a bakinsa, ko a ja faiba wadda ba ta ɗaukar wuta. Kada a haɗa shi bututu ɗaya da wayar lantarki.

Mataki na 8: Cunkoson tasha

A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne kaɗai ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Manhajar awo za ta nuna maka inda maƙwabta suka taru, sai ka zaɓi mai sauƙin jama'a, ka bar faɗinta a 20 MHz. Na'urar ɗumama abinci ta maikirowef a 2.45 GHz take aiki, Bluetooth ma a zangon yake, don haka reshe ba shi da wurin zama a kicin.

A zangon 5 kuma akwai tashoshi daga 52 zuwa 144 da Wi-Fi ke tarayya da rada. Ƙa'ida ta tilasta wa na'ura ta bar tashar da zarar ta ji rada, kuma kafin ta zauna a irin wannan tasha sai ta yi sauraron aƙalla daƙiƙa 60. Gidan da ke kusa da filin jirgin sama, in zangon 5 na ɓacewa na ɗan lokaci ya dawo da kansa, a gwada tsayar da shi tsakanin 36 da 48. Ba kowane mesh ne ke ba da damar zaɓe ba. Asus na bayarwa, Eero da Google su ke zaɓar wa kansu, Deco kuma yana da maɓallin Network Optimization.

Mataki na 9: Sauya reshe da na'urori masu taurin kai

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne waya ce ke yanke shawarar barin reshe, mesh shawara kawai yake ba ta. Apple ya bayyana cewa iPhone ba ta fara neman wani reshe sai sigina ta sauka zuwa -70, Mac kuma -75. Shi ya sa za ka ga mutum zaune gaban reshe, wayarsa na maƙale da na falo. Kashe Wi-Fi a wayar a kunna ya isa ya nuna maka ko hakan ne.

Akwai ƙa'idoji uku da ke sauƙaƙa sauyin: 802.11k, 802.11v da 802.11r. Na ƙarshen shi ne ake rubuta wa Fast Roaming. Sababbin wayoyi na jin daɗinsa, amma tsofaffin firintoci, talabijin da kyamarori kan rikice su faɗi. Haka tsarin tsaro na WPA3, wanda ya fito a 2018: in aka sa shi gauraye da WPA2, wasu tsofaffin na'urori na shiga suna fita. Gwada kashe Fast Roaming, in bai yi ba mayar da tsaro WPA2 zalla. Amma kada ka taɓa sauka zuwa WEP ko ka bar gida ba lambar sirri don neman sauƙi.

Kyamarori da kwan fitila masu Wi-Fi yawancinsu 2.4 kaɗai suka sani. Buɗe musu suna na daban a wannan zango, ta hanyar layin baƙi ko layin IoT in akwai. Abin da ba ya motsi, kamar talabijin, a ɗaure shi da reshe ɗaya a manhaja, ko ma a ba shi kebul.

In waya ɗaya ce ke damuwa, sa ta manta da sunan Wi-Fi ta sake shiga, ka kashe tsarin tattalin batir da VPN. A Windows shiga Device Manager ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe katin Wi-Fi don tattalin wuta. Tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi na ɓoye lambarsu ta MAC ta asali, wanda kan rikita gidan da aka yi wa na'urori rajista da wannan lamba. A kashe wannan ɓoyewa ga Wi-Fi ɗin gida kaɗai.

Mataki na 10: Sabuntawa, musanya, sannan gogewa

Duba ko dukkan na'urorin na kan sigar manhajar ciki ɗaya, domin reshen da ke kashe ranar da sauran suka sabunta yakan rage a baya. Kada ka fara sabuntawa sai kana da tabbacin wuta. Ta ɗauke a tsakiya, na'ura na iya mutuwa murus. In matsalar ta fara ne daidai bayan wata sabuntawa, rubuta lambar sigar ka sanar da kamfanin.

Don gane na'ura mai lahani, musanya reshen da ake zargi da wani mai lafiya, kowanne da adaftarsa. Matsala ta bi na'ura, ita ce ko adaftarta. Ta zauna a wurin, mazauni ne ko soket.

Goge saiti shi ne na ƙarshe. Kafin ka yi, ɗauki hoton kowane shafi na saiti, kuma in ka sake haɗawa mayar da suna da lambar sirri yadda suke harafi da harafi, don na'urorin gida su koma da kansu. Haɗa rassan a ɗaki ɗaya kusa da uwa, sannan ka kai su mazauninsu ɗaya bayan ɗaya kana awo.

Ga mai gini yanzu kuwa, roƙona ɗaya ne: kafin a yi filasta, sa mai wayarin ya bar bututu daga inda intanet zai shigo zuwa falo, saman bene da kowane sashe, a zura Cat6 a ciki. Kuɗinsa bai kai na fasa bango daga baya ba, kuma a gidan bulo da kankare babu na'urar da za ka saya, komai tsadarta, da za ta kai reshe mai kebul zama lafiya.